Lissafi ko Ƙididdiga: Shawara ga Ɗalibin Hausa a Kwalejin Ilimi

1.0 Gabatarwa

Shekara da shekaru ke nan, duk lokacin da sababbin ɗalibai suka shigo Sashen Hausa, nakan buɗe laccar farko da tambaya guda: me ya kawo ka nazarin Hausa? Amsoshin ba su cika sauyawa ba. Wani ya ce kishin harshe, wata ta ce sha'awar adabi, wani kuma ya ce abin da aka ba shi ke nan ya karɓa. Amma amsar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta wani saurayi daga ƙasar Bagudo, wanda ya miƙe tsaye, ya sunkuyar da kai, ya ce da Hausarsu ta yamma, "Allah shi gafarta Malam, gudun lissahi yas sa niz zo." Aji ya kwashe da dariya. Sai dai na lura dariyar ba ta izgili ba ce, ta waɗanda aka sosa wa inda yake yi musu ƙaiƙayi ce. Ba a yi mako biyu ba jadawalin darussa ya fito, saurayin nan ya tarar da Lissafin Gama-gari yana jiran sa a cikin darussan dole. An gudu ba a tsira ba.

A watan Oktoban 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ba da sanarwar cewa samun kiredit a Lissafi ya daina zama sharaɗin shiga manyan makarantu ga masu neman fannonin da ba na kimiyya ba, irin su harsuna da adabi da tarihi, ko da yake daga baya ta yi ƙarin bayani cewa dole ne ɗan sakandare ya ci gaba da zama jarrabawar darasin. Ɗalibanmu da dama sun yi murna da wannan labari, ni ma ban ga laifin buɗe ƙofa ga yaron da Allah ya hore wa basirar harshe ba. Abin da nake tsoro shi ne a ɗauki sassaucin shiga a matsayin fatawar cewa malamin Hausa ba shi da buƙatar alƙaluma. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna kuskuren wannan fahimta, sannan ta ba da shawara: duk inda ɗalibin Hausa ya sami damar zaɓi tsakanin kwas ɗin share fage na Lissafi da na Ƙididdiga, to ya ɗauki Ƙididdiga, in ban da wasu ɗalibai da zan keɓe a ƙarshe.

2.0 Mene ne Zaɓin?

Idan aka ce Lissafi a matakin shiga kwaleji, ana nufin aljabara da awon siffofi da kusurwoyi da sauran matakan da ke kai ɗalibi ga kalkulas. Idan kuwa aka ce Ƙididdiga, ana nufin ilimin tattara bayanai, da tsara su, da taƙaita su, da sanin iyakar hukuncin da za a iya yankewa da su. Tsarin karatun N.C.E., wanda Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi ta Ƙasa take shimfiɗawa tun bayan kafa ta a 1989, ya wajabta wa kowane ɗalibi darussan Lissafin Gama-gari, ko mene ne fanninsa, tare da darasin Awo da Auna Fahimta da na Dabarun Bincike a ɓangaren Ilimi. Saboda haka a wannan mataki zaɓin ba na ɗauka ko bari ba ne. Yana zuwa ne a wurin darussan zaɓi, da lokacin da ɗalibi ya wuce karatun digiri, da kuma zaɓin da ya fi waɗannan yawan aukuwa, wato wanda yake yi kowane dare idan ya zauna gaban fitila: wane babi zai karanta don ya gane, wanne kuma zai haddace don ya haye jarrabawa kawai.

3.0 Bahaushe Ba Baƙon Lissafi Ba Ne

Kafin a shiga hujjoji, ya kamata a kawar da wata tatsuniya da ɗalibanmu suke yi wa kansu, cewa kansu ba ya ɗaukar lissafi. Wanda duk ya san ƙasar da saurayin nan ya fito zai yi mamakin wannan magana. Ƙaramar Hukumar Bagudo tana kan iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin, Kogin Kwara ya ratsa ta. Daga Lolo ana ƙetarawa a nufi Malanbil, daga Tsamiya kuma a nufi Segbana. Ɗan kasuwar wannan yanki da kuɗi iri biyu yake kwana yake tashi, naira da sefa, ita kuma sefa ba da lambar da aka rubuta a jikinta ake kiran ta ba. Da dala ake ƙirga ta, kowace dala guda sefa 5 ce. Dala ɗari sefa 500 ke nan, dala ɗari biyu kuwa sefa 1,000, ita ce ake kira jaka ko jika. Idan aka yi wa dattijon da bai taɓa shiga aji ba tayin kaya a kan dala dubu huɗu, nan take ya san jaka ashirin ake nufi, wato sefa 20,000. In a ce a ranar ana canjin jaka guda a kan naira 2,500, kafin ɗan boko ya lalubo wayarsa a aljihu dattijon ya ce naira dubu hamsin. Ya raba, ya ninka, ya sauya ma'auni har sau biyu, duk a ka, kuma yana yi yana amsa gaisuwa.

Ga mai nazarin harshe akwai abin lura a nan. Kalmar "jaka" a bakin Bahaushen Nijeriya naira 200 ce, domin asalinta fam 100 ne, kuma da aka kawo naira a ranar 1 ga Janairun 1973 sai fam guda ya zama naira biyu. Ita wannan kalma da ta ƙetare iyaka sai ta zama sefa dubu. Kalma ɗaya, ƙima biyu, kuma 'yan kasuwa ba sa rikicewa, domin muhallin magana yana warware musu. Wannan darasi ne na ilimin ma'ana, kuma darasi ne na lissafi a lokaci guda.

Haka abin yake a gona da zaure. Manomin shinkafa a fadamun Kwara ya san zakkar abin da ruwan sama ya shayar ɗaya ce cikin goma, ta abin da aka yi wa ban-ruwa da inji kuwa ɗaya cikin ashirin. Malamin da ke rabon gado da ɓangarori yake aiki. A ɗauka mutum ya rasu ya bar buhu 72, da mata, da uwa, da ɗa namiji guda da 'ya mace guda. Matar tana da sumuni, buhu 9. Uwa tana da sudusi, buhu 12. Ragowar 51 a kasa uku, namiji ya ɗauki 34, mace 17. Kalmomin sulusi da rubu'i da humusi da sudusi da sumuni sun daɗe da zama 'yan gida a Hausa, kamar yadda ashirin da talatin har zuwa casa'in suka shigo daga Larabci suka ture tsohuwar ƙirgar gomiya biyu, gomiya uku. Kuma a ƙarni na 18 ƙasar Hausa ta fitar da Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, malamin Katsina wanda ya yi rubutu a 1732 a kan dabarun tsara hatimin lambobi, irin wanda duk layin da aka tara yake ba da jimla ɗaya, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Masana tarihin lissafi suna ambaton sa har yau.

To, idan uba yana wannan lissafi a kasuwa, kaka yana yi a zaure, me ya sa jika ya ce kansa ba ya ɗauka? A ganina ba lissafin ya gagare shi ba, harshen da aka koya masa lissafin ne ya gagare shi. An gabatar masa da ɓangarori cikin Ingilishin da bai riga ya mallaka ba, ba a taɓa ce masa abin nan da ke kan allo shi ne sudusin da yake ji a wurin rabon gado ba. Ya haddace, ya manta, ya faɗi, sai ya yanke wa kansa hukunci.

4.0 Dalilan Fifita Ƙididdiga

Dalili na farko yana cikin aji. Malamin Hausa zai iya shekara talatin yana koyarwa bai warware matsalar aljabara ko guda ba, amma ba zai yi zango ɗaya bai cika takardar maki ba. Na taɓa zuwa duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa a wata makaranta da ke yankin Illo. Ɗalibar da na je dubawa ta miƙo mini sakamakon gwajin karatu tana fara'a, ta ce matsakaicin makin ajin 40 ne, wato aji ya haye. Da na duba makin ɗaya bayan ɗaya sai na ga wani abu dabam. Bari in sauƙaƙa shi da yara goma don a gane siffarsa: 10, 15, 15, 20, 20, 20, 25, 85, 90, 100. Jimlarsu 400, a raba goma a sami 40. Lissafin daidai ne, babu kuskure a cikinsa. Amma babu yaro ko ɗaya da ya sami 40 ko kusa da ita. Bakwai ba su wuce 25 ba, uku ne suka ja matsakaicin sama. Da ta jera makin ta dubi na tsakiya, da ta ga 20, da kuma ta gane cewa aji biyu take koyarwa a ɗaki ɗaya.

Da muka bincika sai ta bayyana cewa yawancin waɗanda suke ƙasa ba Hausa ake yi a gidajensu ba. Wannan ba abin mamaki ba ne a ƙasar da Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Busawa da Kyangawa suke zaune tare da Hausawa, inda Hausa take harshen kasuwa ga kowa amma ba harshen uwa ga kowa ba. Ɗalibar ba ta yi ƙarya ba, lamba ce ta ɓoye mata yaranta. Sanin lokacin da matsakaici yake faɗar gaskiya da lokacin da yake rufe ta shi ne darasin makon farko a Ƙididdiga. Haka nan malamin da ya san wannan fanni yakan ƙirga yara nawa suka ci kowace tambaya. Idan ya ga tambayar da hazikan aji suka faɗi, raunana suka ci, ya san tambayar ce ke da ciwo, ba yaran ba.

Dalili na biyu shi ne kundin binciken kammala karatu. A nan kam mu malamai mun sha kallo. Ɗalibi ya zaɓi batu mai kyau, alal misali yadda Hausar yamma take ja da baya a garin Bagudo: su wa ke cewa "munka zo", su wa ke cewa "muka zo", su wa ke cewa "hwara", su wa ke cewa "fara". Sai ya tambayi mutum 20, ya zana jadawali, ya rubuta cewa kashi 85 cikin ɗari na mutanen Bagudo suna riƙe da tsohon karin harshensu. Idan aka tambaye shi su wane ne mutum ashirin ɗin, sai ka ji 17 daga cikinsu dattawan majalisar ƙofar gidansu ne. Da tasha ya je ya tambayi samari masu acaɓa, ko ya shiga makarantar 'yan mata, da wataƙila akasin haka zai rubuta, da irin wannan ƙarfin gwiwa. Bai san cewa a cikin mutum ashirin kowane mutum guda kashi biyar ne ba, har idan biyu suka sauya baki sakamakon ya motsa da kashi goma. Bai kuma san cewa mutum yakan gyara Hausarsa idan ya ga ɗan kwaleji da biro da takarda ba. Yadda ake zaɓen samfuri don ya wakilci jama'a, da yawan da ya isa, da yadda ake kauce wa son zuciyar mai tambaya, duk ba a koyon su a aljabara.

Ko kashi cikin ɗari ɗin da muke yawan rubutawa yana da tarko. Dattawan kan iyaka suna tune da Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi: faran guda na Faransa da ake saye sefa 50 ya koma sefa 100. Darajar kuɗin ta faɗi da kashi 50, amma abin da ake biya a sayi faran ya tashi da kashi 100. Magana ɗaya ce, lamba biyu, kuma kowace daidai ce, ya danganta ga inda aka tsaya aka auna. Mai son ya rage girman abin sai ya ambaci hamsin, mai son ya zuzuta shi ya ambaci ɗari. Wanda bai san wannan ba, kowa ya zo da lambarsa sai ya tafi da shi.

Wannan ya kawo mu ga dalili na uku, wanda a wurina ya fi sauran nauyi, domin ya shafi tuwon malamin Hausa kai tsaye. Tun daga 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a muhallinsa a shekarun farko na firamare. A watan Nuwamban 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar harshe da ta faɗaɗa wannan zuwa dukkan shekaru shida. A watan Nuwamban 2025 kuma Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya bayyana soke ta da mayar da Ingilishi harshen koyarwa tun daga tushe. Hujjar da ya kafa ta alƙaluma ce: cewa sakamakon jarrabawar WAEC da NECO da JAMB ya nuna faɗuwa mai yawa a shiyyoyin da suka fi rungumar koyarwa da harshen uwa.

Me muka mayar? Da yawanmu mun mayar da kishi. Mun ce harshe shi ne rumbun al'ada, mun ambaci Sin da Japan, mun yi jawabai masu daɗi. Duk gaskiya ne, amma an yi mana tambaya da lamba mun amsa da karin magana. Wanda ya yi ko da zango ɗaya na Ƙididdiga, tambayoyi zai jera. Yaron da ya shiga aji ɗaya na firamare a 2023 ba zai zauna jarrabawar kammala sakandare ba sai 2035, to yaya sakamakon da ke hannu zai zama hukunci a kan manufar 2022? In kuwa tsohuwar manufar ake nufi, makarantu nawa ne suka aiwatar da ita da littattafai da horarrun malamai, nawa ne kuma malami yake karanta Ingilishi daga littafi yana fassarawa da ka, a kira wannan koyarwa da harshen uwa? Sannan shiyyoyin da ake magana a kansu, da harshen koyarwa kaɗai suka bambanta da sauran? Ina batun ƙarancin malamai, da cunkoson aji, da talauci, da rashin tsaro, da ambaliya irin ta 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a Jihar Kabi ta kuma raba iyalai da gidajensu? Abu biyu su zo tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗayan. Shamuwa tana zuwa da damina, amma ba ita ke kawo ruwa ba. Hanyar gane gaskiya ita ce a kwatanta yara masu kama da juna a komai, in ban da harshen da aka koyar da su.

Sai dai laifi tudu ne. Mu ma da muke kare harshen uwa muna da lambar da muke jifa da ita ba mu karanta ta ba. Kowane ɗalibin ilimi ya haddace gwajin shekara shida na Ife, wanda Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon firamare aka kwatanta su da waɗanda aka sauya wa harshe zuwa Ingilishi a tsakiya, kuma 'yan rukunin Yarabanci suka yi abin yabo. Gwaji ne mai daraja, kuma daraja tasa ta zo ne daga cewa an yi kwatanci. Amma masana sun daɗe da nuna cewa rukunin gwajin na farko ya sami ƙwararren malamin Ingilishi na musamman, abin da ya sa raba tasirin harshe da tasirin kulawa yake da wuya. Bugu da ƙari, a Ife kusan harshe ɗaya ne a gida da kasuwa da makaranta. Ajin da na bayyana a yankin Illo ba haka yake ba. Idan aka koyar da ɗan Ka'oje mai jin Fulatanci da Hausa, da harshen uwa aka koyar da shi ko da harshe na biyu da ya fi Ingilishi kusa da shi? Ni ina da yaƙinin cewa Hausar ta fi masa sauƙi nesa ba kusa ba, amma yaƙinina ba hujja ba ne. Hujja tana wurin malamin da zai auna kalmomi nawa yaro yake karantawa daidai a minti ɗaya a farkon zango da ƙarshensa, ya rubuta harshen gidan kowane yaro a gefen sunansa, ya adana takardun shekara da shekaru. Ba daga Abuja za a zo a yi mana wannan aiki ba. Ɗaliban da ke karanta wannan littafi su ne za su kasance a cikin azuzuwan.

5.0 Nazarin Harshe Kansa Ƙirga Ne

Wani zai ce duk wannan aikin malanta ne, shi kuwa nazarin harshe da adabi ya zo yi. To, ɗalibin da ya yanka baitin waƙa gaɓa-gaɓa, ya ware masu nauyi da marasa nauyi don ya gano karinta, me yake yi in ba ƙirga ba? Halilu ɗan Ahmadu na Basra, wanda ya tsara ilimin aruli a ƙarni na 8, shi ne kuma ya gina ƙamusunsa a kan lissafin yadda baƙaƙe suke jujjuyawa, inda baƙi uku suke ba da tsari shida. Al-Kindi a Bagadaza a ƙarni na 9 ya nuna yadda ƙirga yawan aukuwar haruffa yake tona rubutun asiri. A 1913 masanin lissafi na Rasha, Andrey Markov, ya zauna ya ƙirga baƙaƙe da wasula a haruffa 20,000 na wata doguwar waƙar Pushkin, don ya ga yadda harafin da ya gabata yake shafar mai bi masa. Jikokin wannan tunani su ne na'urorin fassara da ke cikin wayoyinmu, waɗanda Hausa ta shiga sahunsu a manhajar Google a 2013. Idan na'urar ta yi mana fassarar banza, galibi dalilin shi ne ƙarancin rubutacciyar Hausa mai inganci da aka ba ta ta ƙirga. Ko marubucin littafin aji ɗaya, in yana son ya san kalmomin da zai fara gabatarwa, gara ya ƙirga waɗanda suka fi yawo a bakin yara da ya dogara ga abin da ya faɗo masa a rai.

6.0 Waɗanda Shawarar Ba Ta Hau Kansu Ba

Ba zan ɓoye raunin shawarata ba. Ƙididdiga a kan ɓangarori da kashi cikin ɗari take tsaye, kuma wanda ginshiƙinsa ya rube ba zai ɗora mata rufi ba. Ɗalibin da ba zai iya fitar da makinsa na kwas ba idan aka ce aikin aji kashi 40 ne, jarrabawa kashi 60, ko wanda ya ga misalin sefar 1994 a sama ya kasa gane inda hamsin ta zama ɗari, to kada ya yi gaggawa. Ya koma ga Lissafin Gama-gari da zuciya ɗaya, ya nemi abokin da zai bayyana masa da Hausa, ya fara daga sulusi da rubu'i ɗin da ya riga ya sani. Babu abin kunya a nan. Abin kunya shi ne a shiga ajin Ƙididdiga a haddace ƙa'idoji kamar yadda aka haddace na aljabara, a fito da sabon tsoro a kan tsohon. Na san kuma akwai inda ake koyar da Ƙididdigar kanta a haka, alli da allo da alamomin Girkanci, ba tare da an taɓa bayanan gaske ko sau ɗaya ba. Kafin ɗalibi ya yi rajista, ya tambayi waɗanda suka gabace shi ko an taɓa tura su su tattaro bayanai da kansu.

Sai wanda ya haɗa Hausa da Nazarin Ilimin Firamare. Shi wannan, a makarantun karkara irin na Zagga ko Lolo, zai iya samun kansa shi kaɗai da aji tun safe har tashi, shi ne malamin Hausa, shi ne na Lissafi. Tara da ɗebewa da ninkawa da rabawa da awon siffofi su ne farillarsa, Ƙididdiga ta biyo baya. In ya shiga aji da tsoron lissafi, yara za su gado tsoron kafin su gado karatun, kuma bayan shekara goma sha biyu wani saurayi zai miƙe a laccar farko ya maimaita mini amsar da na ji a da.

Akwai kuma 'yan ƙalilan da ke hangen aikin harshe da kwamfuta, masu son su gina na'urorin da za su ji Hausa su rubuta ta. Su kam ba su da zaɓi, duka biyun za su ɗauka, har da kalkulas ɗin da sauran suka tsallake, kuma gara su fara tun yanzu, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Shi kuwa saurayin nan na Bagudo, da ya kai shekarar ƙarshe, ni aka ba shi in duba kundinsa. Batun "munka" da "muka" ya kawo mini, da mutanensa ashirin. Na mayar da shi gida sau biyu. A karo na uku ya dawo da maganganun da ya naɗa a kasuwa da tasha da bakin kogi, maza da mata, manya da yara, ya ware su rukuni-rukuni. Da na tambaye shi abin da ya gano game da mutanen Bagudo, sai ya yi shiru kaɗan, ya ce, "Malam, game da waɗanda na naɗa dai zan iya magana. Matan aure ba su kai yawan da zan ce komai a kansu ba." Na sa masa hannu a ranar.